Ɗiyar Fari Ta Zo ta Ɗaya

Litinin, 5 ga Mayu, bayan la'asar

Yau da safe aka liƙa sakamakon jarrabawar gwaji ta 'yan aji shida a bangon ofis. Mouna Souleymane ce ta ɗaya a makarantar gaba ɗaya. Cikin goman farko, bakwai 'yan ajina ne, kuma dukkansu 'ya'yan Hausawa: 'ya'yan masu gadi, masu albasa, masu tura baro.

Na daɗe ina koyarwa a wannan firamaren gwamnati ta Agege, kuma har yau ni kaɗai ce Bahaushiya cikin malamai. Da na zo, benci guda ya ishi yaranmu. Yanzu sun kusa kashi ɗaya cikin uku, saboda mutanen Nijar da na ƙauyuka sun fara zuwa da iyali. Duk da haka kowa ya san inda ake neman sunayensu a takardar sakamako. Daga ƙasa ake farowa, don a rage wahala.

Misis Adebimpe, shugabar makaranta, ta yi mini sannu da aiki da Yarbanci, da irin muryar da ake gaida wanda ya dawo daga jana'iza. Malam Abdulganiyu, mai ɗaya ajin shidan, wanda shi ya tsara tambayoyin, ya cire tabarau ya goge ya mayar ya sake karantawa. Tabaran ba su gyara komai ba.

Da wannan sakamako ake zaɓen yara biyar da za a tura jarrabawar shiga makarantar kwana ta gwamnati. Mouna za ta je.

Na sayi tsire a hanya. Inna ta tambaye ni ko albashi aka ƙara.

Laraba, 7 ga Mayu, ƙarfe biyu

Iyaye sun taru a bakin get tun da safe. Wadda ke gaba ita ce Iya Dayo, wadda ɗanta bai taɓa sauka daga na ɗaya ba, bana kuwa ya zo na takwas. Ta manta a unguwar nan aka haife ni, ta ci gaba da magana da Yarbanci ina wucewa. Na gaishe ta da Yarbancin. Ta amsa, ba ta ko rage murya ba.

Ƙarfe goma aka kira ni ofis. Zan rubuta zargin sau ɗaya, ba zan sake ba. Suna cewa na ba yarana amsa. Hujjarsu: ni aka aika da takardar tambayoyin shagon fotokwafi na bakin titi, kuma kullum bayan an tashi ina zaunar da yaran ƙarƙashin bishiya ina yi musu magana da harshen da sauran malamai ba sa ji.

Na ce lissafi nake maimaita musu da Hausa. Babu wani sihiri. Yaro ne kawai ya gane cewa abin da ake ta faɗa da dogon Turanci, rabon ƙosai ne tsakanin mutum huɗu.

Misis Adebimpe ta ce, “Ni ban ce kin yi ba, Ummu Salma. Amma ke ma ki duba. Bakwai fa.”

Na duba. Bakwai ne.

Alhamis, 8 ga Mayu, da hantsi

An dakatar da sakamakon ajina. An hana darasin ƙarƙashin bishiya. An ce in riƙa zama a laburare kafin kwamiti ya zauna.

Juma'a, 9 ga Mayu, ƙarfe ɗaya

Laburaren namu yana da kanta biyu, taswirar duniya da ɓera ya cinye wa Kudancin Amirka, da buhunan siminti na ginin da ba a fara ba. Na zauna a kan siminti. Ya fi kujerar daɗi.

Abdulganiyu ya leƙo da ledar gyaɗa, sanye da farar rigar Juma'a.

“Malama, an ba ki ofis ke kaɗai, ba ki gayyace mu walima ba.”

“Shigo, Alfa. Ga siminti, ɗauki na sama, ya fi laushi.”

Ya zauna, muka ci gyaɗa. Shekara da shekaru muna raba alli da mutumin nan. Ranar sunan 'yarsa ni na toya masa waina. Can ya ce, “Tsakanina da ke, ni ma na yi mamaki. Ba wai ba su da kai ba ne. Amma kin san mutanenku da boko.”

Na tambaye shi ko zai ƙara gyaɗa. Gyaɗarsa ce.

Ban san me ya sa wannan ta fi ta Iya Dayo zafi ba. Ko kuma na sani.

Asabar, da safe

Ruwa tun asuba. Kwata ta cika ta shigo zaure.

Litinin, 12 ga Mayu, bayan azahar

Kwamiti ya zauna. Mutum uku: Misis Adebimpe, Iya Dayo a madadin iyaye, da wani oga mai jan taye daga ofishin ilimi wanda ke duba wayarsa kamar mai jiran sakamakon asibiti.

Na ce abu mai sauƙi ne, a sake wa yaran jarrabawa, ko gobe.

Oga ya ce, “In aka sake, an nuna ta farkon tana da matsala ke nan. Mu kuwa ba mu tabbatar ba tukuna.”

“Amma kun soke ta.”

“Dakatarwa muka yi.”

Na yi digiri, amma akwai irin hankalin da sai a ofis ake koyonsa.

Sun ce ranar Juma'a ta mako mai zuwa za a aika sunaye biyar. In ba a wanke ajina kafin nan ba, daga ajin Abdulganiyu za a ɗauka duka. Iya Dayo ta ce yaro mai ƙoƙari ba ya ɓoyuwa, tun daga gida ake ganinsa, ita Dayo tun yana shan nono ta san abin da ta haifa. Daga nan aka tsayar da shawarar kiran mahaifiyar Mouna ranar Alhamis. Uban yana gadin wani sito a Ilupeju, ba ya samun fita da rana.

Na fito da sauƙin zuciya. Na ma yi wa mai danfo, motar haya, dariya da ya ƙi ba ni canji.

Alhamis, 15 ga Mayu

Ba zan iya rubutawa yau ba.

Juma'a, 16 ga Mayu, da hantsi, a laburare

To.

Mariamu, uwar Mouna, ta zo jiya da hijabin Sallah, goye da jariri. Mutuniyar wajen Maraɗi ce, ba ta jin Turanci, Yarbancinta bai wuce na ciniki ba. Tunda ni ake tuhuma, ba a yarda in yi tafinta ba, aka ce ko tari kada in yi. Aka kawo Misbahu, wani akawu daga ofishin oga, Bahaushe haihuwar Agege. Aka ja masa kunne ya faɗi abin da ta faɗa kawai, kada ya ƙara kada ya rage. Mouna tana tsaye a jikin ƙofa.

Oga ya ce a tambaye ta sunan 'yarta.

Mariamu ta ja hijabi ta rufe baki, ta kalli bango.

Aka sake tambaya. Ta kalli ɗaya bangon.

A nan ne na tuna. Mouna ɗiyar fari ce.

Oga ya kalli Misis Adebimpe. Ya ce to a tambaye ta, yarinyar tana da ƙoƙari? Tana karatu a gida?

Mariamu ta yi 'yar dariya a bayan hijabi, ta ce, “Wagga? Ba ta san komi ba. Sai wasa da cin tuwo. Ni ban taɓa ganin ta da takarda ba.”

Misbahu ya juya shi da Turanci, kalma bayan kalma, bai zubar da ko ɗigo ba. Yaro mai amana. Na kafe shi da ido har idona ya yi ruwa, shi kuwa yana kallon oga.

Iya Dayo ta tafa hannu ta buɗe su, ta ce ita ba ta ce komai ba.

Na buɗe baki, oga ya ɗaga yatsa. Na rufe. Ni, da bakina.

Da aka sallame ta, Mariamu ta durƙusa ta gaida kowa, ta fita da nutsuwar wadda ta fita kunyar manyan mutane. Ta wuce ta gaban Mouna ba ta kalle ta ba.

Asabar, 17 ga Mayu, bayan la'asar

Na ba Inna labari tana tsince shinkafa. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, “To me ya kamata ta ce?”

“Inna, gaskiya za ta faɗa.”

“Gaskiya? Mace ta zauna gaban maza baƙi tana yabon ɗan fari? Ai sai a ce ba ta da uwa. Matar nan 'yar mutunci ce. Ku dai 'yan boko ku ne ba ku san inda ake tambaya ba.”

“An kusa raba yarinyar da makaranta fa.”

“Allah ya kyauta,” in ji Inna. Ta hure shinkafa. “Wa ma ya ce a kira ta?”

Na tashi na ɗora ruwan shayi.

Lahadi, da rana

Ni ce na ce a kira ta. Da Iya Dayo ta gama maganar nono, ni ce na ce, madalla, ku kira uwar Mouna ku ji.

Litinin, 19 ga Mayu, ƙarfe goma sha ɗaya

Na sami Misis Adebimpe ita kaɗai tana cin amala a ofis. Na yi mata bayani a hankali, kamar ina gabatar da takarda a jami'a. A wajenmu, musamman mutanen ƙauye, uwa tana jin kunyar ɗanta na fari. Ba ta faɗar sunansa, ba ta yabonsa, ba ta wasa da shi a gaban mutane. In aka yabe shi sai ta kushe. Ba ƙiyayya ba ce, kusan akasin haka ne.

Ta ajiye lomar da ta ɗauka.

“Ummu Salma, kin san sunan Iya Dayo na gaskiya?”

“A'a, Ma.”

“Ni ma ban sani ba. Tun da ta haifi Dayo sunanta ya ɓace cikin nasa. Ni a gida Mama Bisi ce, ko mijina haka yake kirana. Ɗan fari shi ne rawanin mace. Yanzu ki ce mini akwai uwar da ba ta iya faɗar sunan 'yarta, kuma in je in gaya wa oga haka? Zai ce ke kika kitsa.”

“Ku tambayi kowane Bahaushe a kasuwa.”

“Ga Misbahu, ai Bahaushe ne. Me ya sa bai faɗa ba?”

“Kun ce kada ya ƙara.”

Ta ture kwanon gefe. Ba muguwar mace ba ce, shi ne abin da ya fi ba ni tsoro. Ta ce, “Abin da aka ji da kunne shi ke gaban kwamiti. In uwar tana da wata magana, ta zo ta faɗa da bakinta kafin Juma'a.”

Shekaru nawa muke maƙwabtaka da mutanen nan, muna cin abincin juna, muna zuwa bikin juna. Ashe ko sunan ɗa ba mu san yadda ɗayanmu ke riƙe shi ba.

Talata, 20 ga Mayu, lokacin tara

Mouna ta shigo laburare ba sallama, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta tsaya gaban taswira tana bin gefen da ɓera ya ci da yatsa.

“Anti, an ce ba zan je ba.”

“Ba a gama magana ba.”

“Dayo ya ce ko uwata ta ce ni daƙiƙiya ce.”

“Ke kin san dalilin da ya sa ta faɗi haka.”

“Na sani. Kunya ce. Ƙarya ta yi musu.” Ta ci gaba da bin taswira. Can ta juyo. “Ko?”

Na ce mata ƙarya ce tsagwaronta. Na faɗa da sauri, da ƙarfi, kamar mai rantsuwa a kotu. Ta gyaɗa kai ta fita.

Wannan “ko” ɗin ya hana ni cin abincin rana.

Laraba, 21 ga Mayu, bayan la'asar

Na je gidansu. Dogon gida ne mai ɗakuna suna kallon juna, bayan layin dogo. Wata Bayarbiya a tsakar gida ta ƙwala kira, “Mama Mouna, kin yi baƙuwa!” Shiru. Matar ta ce mini, “Haka take, sai an ce Mariamu take amsawa. Mun ɗauka kunnenta ne.”

Na same ta tana suyar awara a ƙofar ɗaki. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta zuba mini har da yaji. A cikin ɗakin na hango wani ƙaramin tebur da aka yi da akwatin lemo, an lulluɓe shi da zane mai tsabta, littattafai a jere a kai. Ƙanen Mouna ya miƙa hannu wajen, ta buge hannun ba ta ko juya ba.

Na ce, “Na ga wadda ba ta taɓa riƙe takarda ba tana da tebur.”

Ta yi dariya ta rufe baki. “Madan, ke ma dai.”

Na gaya mata komai, ban sassauta ba. Na ce saboda maganarta an yarda cewa satar amsa aka yi. Na ce ranar Juma'a za a aika sunaye, babu na 'yarta.

Ta bar awara a mai har ta fara ƙonewa.

“Amma ai sun san uwa ba ta hwaɗin haka.”

“Ba su sani ba.”

“Manyan mutane haka, masu lakwal, masu boko?”

“Ba su sani ba, Mariamu.”

“Ke kuwa kina wurin.”

Na ce ina wurin.

Ta kwashe awarar da ta ƙone ta zuba a gefe. Ta ce tun da ta zo Ikko take wanke kayan makarantar da kanta don kada sabulu ya ci hannun mai rubutu. Ta ce ko tallan awara ba ta taɓa ɗora mata ba, har matan gidan suna yi mata gori. Duk wannan ba ta ambaci suna ba, “ita” kawai take cewa, tana kallon kasko.

Na ce, “Abin da kika gaya mini yanzu, shi za ki je ki gaya musu. Da sunanta.”

“Gaban maza? Da bakina? In uwata ta ji a gida, ina zan sa kaina? Kuma baki fa, Madan. Ɗiyar da aka yaba gaban jama'a, ke kin san abin da ke bin ta.”

“Na san abin da zai bi ta in ba ki je ba.”

Ta ƙulla mini awara a leda, ta raka ni har bakin layi, muka yi sallama kamar na zo barka.

Alhamis, 22 ga Mayu, bayan an tashi

Ba ta zo ba.

Juma'a, 23 ga Mayu, bayan azahar



Da safe yara suna kan layi a fili, an gama addu'a, Misis Adebimpe tana sanarwa. Oga ya iso da wuri don ya tafi da sunayen, yana tsaye a baranda da Misbahu. Iya Dayo da wasu iyaye suna bakin get. Ni ina ƙofar laburare.

Sai ga Mariamu ta ratso fili da kayan aikinta, zane duk mai, ba jariri. Ba ta je ofis ba. Ina jin ta ɗauka inda jama'a suka fi yawa nan ne kotun. Ta tsaya tsakanin layin yara da baranda. Misis Adebimpe ta dakatar da sanarwa.

Ta ce, “Mouna.”

A hankali ta faɗa, kamar mai taɓa ruwan zafi. Sannan ta ɗaga murya har ta fashe.

“Mouna! Ɗiyata ce, ni na haife ta, ita ce ta fari. Tana da kai. Ta hi ni, ta hi ubanta. Kullum tana bisa takarda har in ce ta tashi ta ci abinci. Ba ta saci komi ba. Wancan da na hwaɗa, ƙarya na yi.”

Misbahu ya fara juya maganar da Turanci, ya tsaya a tsakiya. Wannan karon ya ƙara. Na ji yana gaya wa oga cewa kakarsa har ta rasu ba ta taɓa kiran sunan babansa ba, shi dai bai taɓa tunanin abin ba ne sai yanzu.

Yaran Hausawan da ke layi duk sun sunkuyar da kai, kamar an tuɓe wani a gabansu. Yaran Yarbawa suna kallo, ba su ga abin mamaki ba, uwa ta kira 'yarta. Mouna ta tsaya ƙiƙam, hannuwa a gefe, baki a buɗe.

Mariamu ta gama, ta ja mayafi ta rufe fuskarta gaba ɗaya, ta durƙushe a wurin. Kafaɗunta suna rawa. Wadda ta fara isa wajenta ta ɗaga ta, Iya Dayo ce. Ban san inda zan ajiye wannan ba.

Misis Adebimpe ta sauko daga baranda ta yi magana da oga a hankali. Na ji ta ce masa ita ba ta san al'adar ba, amma ta san fuskar mace in ta biya abu da tsada. Oga ya duba agogo. Ya ce yarinya ɗaya za a gwada, yanzu, a gabansa, kuma kada a kira shi sakewa, tantancewa ce.

Abdulganiyu ya rubuta sababbin tambayoyi a allo. Bai kalle ni ba. An sa ni na tsaya a waje.

Ta taga na ga Mouna ta riƙe fensir ta daɗe ba ta rubuta komai ba. Har na fara karanta duk addu'ar da na sani. Sannan ta goge hanci da bayan hannu ta sunkuya.

Litinin, 26 ga Mayu, lokacin tara

Sunanta ya tafi cikin biyar ɗin. Ita kaɗai daga ajina. Sauran shida sakamakonsu yana nan a dakace, ba a soke ba, ba a sake ba. Iyayensu ba su zo fili sun yi kuka ba. An mayar da ni aji biyu daga yau, wai don a huta da surutu. Ba wanda ya ce na yi, ba wanda ya ce ban yi ba. Abdulganiyu ya aiko mini da gyaɗa ta hannun wata yarinya.

Mouna ta same ni ina share sabon ajin. Ta karɓi tsintsiyar daga hannuna. Ta ce tun ranar Juma'a uwarta ba ta fita tsakar gida ba, matan garinsu sun ji labari, kuma ko ita ba ta yarda su haɗa ido.

Ta yi shara har bakin ƙofa, sannan ta tsaya.

“Anti, kina ganin za ta sake faɗa?”

Na so in yi mata ƙarya. Na ce, “Ba na jin za ta sake.”

Ta gyara bakin tsintsiya a tafin hannunta.

“Ba komai,” ta ce. “Ai na ji.”